Yadda Ake Zana Tsuntsu a Salon Sinawa, da Abin da Masu Zanen Kanton Suka Ƙara Saboda Turawa

A gidan tarihin tsohuwar fadar sarakuna da ke Beijing akwai wani guntun siliki da ya haura shekara dubu. Huang Quan ake danganta wa aikin, mai zanen fadar masarautar Shu a garin Chengdu, wanda ya rasu a 965. Halittu 24 ne a jiki: tsuntsaye, ƙwari da kunkuru biyu, babu bishiya, babu dutse, babu komai a bayansu. A can gefe an rubuta cewa ya ba ɗansa Jubao ne ya riƙa koyi da shi. Takardar darasi ce uba ya yi wa ɗansa, amma masanin tsuntsaye na yau zai dube ta ya gane su ɗaya bayan ɗaya daga baki da fiffike da ƙafa, kuma kowannensu ka ce yanzu zai motsa.

Abu biyun nan, a gane tsuntsu kuma ya kasance da rai, su ne abin da jagorar nan ke nema. Salon da za mu bi shi ne wanda Sinawa ke kira gongbi, na siririn layi da launi hawa-hawa, sannan mu ƙara masa sharuɗɗan da masanan halittu na Turai suka gindaya wa masu zanen Kanton, tashar jiragen ruwa ta kudancin Sin. Akwai ɗaya salon, xieyi, na sakin hannu, inda gwani irin Bada Shanren ko Qi Baishi zai fitar da tsuntsu da shafa uku ko huɗu. Yana da daɗin kallo, amma ba nan mai koyo zai fara ba. Wanda kuma ke da damuwa game da hukuncin zana abu mai rai, ya tuntuɓi malaminsa. Duk dabarun da ke ƙasa suna aiki a kan fure, ganye da reshe.

Inda hanyar Sinawa da ta Turawa suka gamu

Zanen fure da tsuntsu ya kai ƙololuwa a zamanin daular Song. Sarki Huizong, wanda ya hau mulki a 1100, shi kansa mai zane ne, kuma kundin taskarsa da aka tattara a 1120 ya lissafa zane 6,396, daga ciki 2,786 na furanni da tsuntsaye ne. Mutanen Turai kuwa da wata buƙata suka shigo harkar. A 1758 Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da tsarin sunaye biyu-biyu na dabbobi, ya kasa tsuntsaye gida-gida bisa sifar baki da ƙafa. Daga nan zane ya zama shaida: dole baki ya fito sosai, dole a ga yatsu. Matsalar ita ce yawancin masu zanensu ba su taɓa ganin tsuntsayen nesa da rai ba, sai busasshiyar fata da jirgin ruwa ya kawo bayan watanni. Fatun wani kyakkyawan tsuntsu na yankin Niyu Gini sukan iso an yanke musu ƙafafu, har aka daɗe a Turai ana cewa ba shi da ƙafa, a sama yake rayuwa. Gani ya kori ji.

A fadar Beijing, Giuseppe Castiglione, ɗan mishan daga Milan da ya isa Sin a 1715, ya yi wa sarakuna uku aiki har ya rasu a 1766. Ya zana tsuntsaye da buroshin Sinawa a kan siliki, ya ba su cikar jiki irin ta zanen Turai, sai dai ya sassauta inuwa domin fadar ba ta son duhu a zane. A zamaninsa ne Sarki Qianlong ya sa Yu Sheng da Zhang Weibang suka kwafi kundin tsuntsaye 360 na Jiang Tingxi, daga 1750 zuwa 1761, kowane zane da bayanin tsuntsun a shafin da ke kallonsa.

Amma gamuwar da ta fi shafar mu a Kanton ta faru, tashar da tun 1757 ita kaɗai aka yarje wa Turawan yamma su yi ciniki a cikinta. John Reeves, mai duba ingancin ganyen shayi na kamfanin Ingila mai fataucin gabas, ya zauna tsakanin Kanton da Makau, garin da ke kusa da ita, daga 1812 zuwa 1831. Ya ɗauki masu zane 'yan gari, ya ba su takardar Ingila, ya tsaya a kansu: girman abu ya zama daidai, launi ya zama na mai rai, kada a ƙara ado. Zanensu sama da 2,000 suna gidan tarihin halittu na Landan, kuma a 1846 masanin halittu John Richardson ya raɗa wa kifaye da dama suna bisa zanen nan kaɗai. Haka William Farquhar, jami'in mulkin Birtaniya, ya yi a Malaka, cikin Maleshiya ta yau, da masu zane Sinawa; zane 477 na tarinsa suna Singafo. Abin da ke ci mini rai shi ne sunan Reeves yana kan tsuntsu da barewa har gobe, su kuwa masu hannun, ɗan abin da ya rage na sunayensu shi ne irin su Akut da Akam a littafin lissafinsa. Hanyarsu za mu bi.

Mataki na 1: Kayan aiki

Basine yana aiki da buroshi, sandar tawada, dutsen niƙa ta, da takardar xuan ta gundumar Jing a lardin Anhui. Takardar iri biyu ce. Ɗanya tana shan ruwa tana naso, ta masu sakin hannu ce. Wadda aka shafe da gam da alif ba ta naso, ita ce ta gongbi. In ba ka same ta ba, kada ka damu, nemi takardar kalar ruwa mai santsi da kauri. Ai masu zanen Kanton ma a kan takardar Turawa suka yi mafi yawan aikin Reeves.

Buroshi uku sun isa. Ɗaya siriri mai tsini da ɗan tauri, wanda in ka lanƙwasa bakinsa zai miƙe da kansa, na jan layi. Biyu masu laushi matsakaita, ɗaya na launi ɗaya na ruwa zalla. Sai ƙananan farantai farare huɗu ko biyar, kofin ruwa biyu, tsumma mai tsabta, fensir mai tauri, rula da littafin zane na aljihu.

Tawada ce wurin da za a kula. Ta Sinawa daga kunkunniyar hayaƙin itace ko na mai ake yin ta, a cuɗa da gam ɗin fata, kuma in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta. Tawadarmu ta allo da ƙaro ake haɗa ta, an yi ta ne domin ta wanku, saboda haka ba za ta yi wannan aikin ba: kana ɗora ruwa layinka zai narke. Duk tawadar da ka saya, ja layi a guntun takarda, bar shi ya kwana, ka bi ta kansa da jiƙaƙƙen buroshi. In ya yi naso, nemi wata.

Launukan gargajiya kashi biyu ne. Na tsiro, irin su shuni da rawayar ƙaron wata bishiya, garai-garai suke, ana hango abin da ke ƙarƙashinsu. Na dutse, shuɗi da kore da ja da jar ƙasa, da farin da ake niƙawa daga ɓawon katantanwar teku, suna rufe abin da suka hau. Kalar ruwa ta kanti za ta tsaya a madadin na farko, kalar fosta da aka tsinka sosai a madadin na biyu. In ka sami na asalin, ka sani rawayar nan guba ce, jan kuma akwai sinadarin makuri, wato zaiba, a cikinsa. Kada ka saba gyara bakin buroshi da leɓe.

Mataki na 2: Kallo, kafin a taɓa buroshi

An rawaito cewa wata rana ɗawisu ya zo gindin wata bishiya a fadar Huizong, sarki ya kira masu zanensa. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, aka zana shi yana ɗaga ƙafar dama zai hau wani ɗan tudu. Sarki ya duba ya ce ba su yi daidai ba. Da aka kwana biyu babu wanda ya gano kuskuren, sai ya ce musu ɗawisu in zai hau bisa, ƙafar hagu yake fara ɗagawa. Abin da yake nema wurinsu shi ne su tsaya su duba.

Zaɓi tsuntsun da za ka iya gani kullum. Zan yi misali da ƙaramar kurciyar nan ta cikin gari, mai jan baya da ɗige-ɗige baƙaƙe a gaban wuya. Watsa gero a tsakar gida da sassafe, ka zauna nesa kaɗan da littafinka. Kada ka yi ƙoƙarin gama zane ko ɗaya. Ja layin baya daga kai zuwa wutsiya, in ta motsa ka bar shi ka fara wani. Cika shafi da irin waɗannan. Abubuwan da za ka nemo wa amsa: in tana tsaye hankali kwance, ina wuyanta yake shigewa? Bakin fiffike a ina ya tsaya a kan wutsiya? Tsawon kai sau nawa zai shiga tsawon jiki? In za ta tashi, me take fara yi? Rubuta launin ido da baki da ƙafa da kalmomi a gefe, domin su ne ke fara dushewa in tsuntsu ya mutu, kuma dalilin da ya sa Turawa suka daraja zanen Kanton ke nan.

Hoton waya yana da amfani wajen ƙirga gashi, amma ni ban yarda a fara da shi ba. Hoto yakan kama tsuntsu a tsakiyar motsi, a wani yanayi da ba nasa ba, kuma wanda bai zauna ya kalla ba ba zai san haka ba. Ka ba kallon nan mako guda aƙalla.

Mataki na 3: Daftari

Shahararren littafin koyon zane na Jieziyuan, wanda kashinsa na tsuntsaye ya fito a 1701, ya ce jikin tsuntsu daga sifar ƙwai yake farawa, sai a ƙara kai da wutsiya, sannan fukafukai da ƙafafu. Yi haka da fensir a takarda mara kauri: babban ƙwai na jiki, ƙarami na kai. Karkatar babban ƙwan ita ce ke nuna halin da tsuntsu ke ciki. In ya kwanta, kiwo take. In ya miƙe, ta tsargu.

Ka yi shi daidai girmanta, wajen santimita 25 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, kuma daga gefe, kan ya ɗan juyo. Wannan sharaɗin Turawa ne, kuma yana da hujja, domin ta gefe ne ake ganin sifar baki, jerin gashin fiffike da tsawon wutsiya a lokaci guda.

Fiffike ba tarin gashi ba ne barkatai. Akwai dogayen gashin tashi na can ƙarshe, akwai na tsakiya da ke kwanciya a kansu, sai layuka na gajeru da ke rufe gindinsu, suna ƙanƙancewa har kafaɗa. Kowane gashi yana hawa kan na kusa da shi ta fuska ɗaya, kada ka juya tsarin a tsakiya. Ƙafa kuma, gaɓar da ke lanƙwashewa baya wadda mutane ke ɗauka gwiwa ce, idon sawu ne; gwiwar tana ɓoye cikin gashi. Yatsu uku gaba, ɗaya baya. Na aku biyu gaba biyu baya, kada a haɗa. Sannan ka sauke layi daga tsakiyar jiki zuwa ƙasa: in bai faɗa tsakanin ƙafafu ba, tsuntsunka faɗuwa zai yi.

A nan ake duk gyara da gogewa. In ka gamsu, ɗora takardar aiki a kan daftarin ka manna su a gilashin taga da rana, ka bi layin da fensir sama-sama.

Mataki na 4: Layin tawada

Riƙe buroshi a tsaye cak, tsininsa yana tafiya a tsakiyar layi, hannu na motsi daga wuyan hannu. Kafin ka taɓa aikin, cika shafi biyu da layuka: dogo, lanƙwasasshe, mai farawa da kauri ya ƙare siriri. Tsinka tawada kashi uku a farantai, baƙa wuluk, matsakaiciya, da mai ruwa-ruwa.

Littafin 1701 ya ba da jeri, kuma ban ga dalilin sauya shi ba: baki tukuna, sai ido, sai goshi da kai, sai baya da kafaɗa, fiffike, wutsiya, ƙirji da ciki, ƙafa a ƙarshe. Ka lura, da baki aka buɗe aka rufe da ƙafa, wuraren nan biyu da Linnaeus ya kafa tsarinsa a kansu. A baki, fara jan layin tsakiya inda sama da ƙasa suka haɗu, sannan na sama, sannan na ƙasa. Ido yana zama sama kaɗan da inda layin tsakiyar ya ƙare. In ka kuskure wurin ido da ɗan kaɗan, tsuntsu ya koma wani.

Abu mai tauri, layi mai tauri da baƙar tawada: baki, farce, dogayen gashin fiffike da na wutsiya. Abu mai laushi, tawada mai ruwa-ruwa. Kada ka zagaye ƙirji da ciki da layi ɗaya miƙaƙƙe, sai ka mayar da ita ta roba. Yi shi da gajerun layuka a jere, kowanne yana bin kwanciyar gashi. Bar aikin ya kwana.

Mataki na 5: Inuwa da buroshi biyu

Nan ne zuciyar gongbi, kuma nan mafi yawan masu koyo ke karaya. Ana riƙe buroshi biyu, ɗaya da tawada mai ruwa sosai, ɗaya da ruwa zalla da aka matse a tsumma har ya zama danshi kawai. Gwanaye a hannu ɗaya suke riƙe su suna musanyawa da yatsu; kai riƙe ɗaya a kowane hannu, babu laifi.

Ɗauki gashi guda na fiffike. Ɗiga tawada a gindinsa, daidai inda na samansa ya rufe shi. Kafin ta bushe, sa buroshin ruwa a bakin tawadar ka ja ta waje a hankali har ta ɓace cikin farin takarda, ba tare da an ga inda ta tsaya ba. Goge buroshin a tsumma. Tsallake gashin da ke maƙwabtaka da shi, ka tafi na gaba, domin in biyu masu danshi suka taɓa juna za su zuba cikin juna. In layin ya bushe ka dawo ka cike waɗanda ka tsallake. Ka bar siririn fari a bakin kowane gashi, shi ke raba shi da na ƙarƙashinsa.

Hawa na farko ya zama mai rauni har ka yi shakkar ko ka sa wani abu. Haka ake so. Duhu daga maimaici yake zuwa, hawa uku, huɗu, biyar, kowanne sai na baya ya bushe ƙarau, kuma kowanne ya fi na baya gajarta, ta yadda gindin gashi zai fi ko'ina duhu. Taɓa takarda da bayan yatsa. In da sanyi, ba ta bushe ba.

Kurakurai uku ne ke yawan faruwa. In ka ga kaifin layi a inda tawada ta tsaya, ka makara wajen ja, ko wurin da ka ɗauka ya yi faɗi. In ka ga tabo mai baƙin gefe, ruwan buroshi na biyu ya yi yawa ya tura tawada baya. In takarda ta fara tashi tana ɓurɓushi, ka cika gurza wuri ɗaya. Shafa biyu ko uku ka ɗaga hannu. Lokacin hunturu iska na busar da ruwa kafin ka musanya buroshi, saboda haka yi aikin da sassafe, a ɗaki rufe, fanka a kashe, ka riƙa ɗaukar wuri ƙanƙane.

Bayan gashi ɗaya-ɗaya, sai ka yi wa jiki gaba ɗaya: ƙarƙashin fiffike, bayan wuya, gindin wutsiya, ƙasan ciki. Masu zanen Song ba su damu da inda rana take ba, inuwarsu tana nuna abin da ya hau kan wani ne kawai. Turawa kuwa sukan sa haske ya fito ta sama daga hagu. Bi tsakiya yadda Castiglione ya yi: ƙasan jiki ya ɗan fi duhu domin ta cika ta yi nauyi, amma kada inuwa ta kai ga ɓoye launin gashi, tunda launin shaida ne.

Mataki na 6: Launi

Yanzu kana da tsuntsu cikakke a baƙi da fari. Launi shafawa ake yi a kansa, tsinkakke, da buroshi mai laushi, fuska ɗaya, ba a komawa inda aka wuce. Ga kurciyarmu: kai da wuya ruwan hoda mai ɗan toka, baya jar ƙasa, faffaɗan wuri a fiffike toka mai shuɗi-shuɗi, ciki yana washewa zuwa fari, gashin gefen wutsiya da farin baki, ƙafa ja-ja. Gwada kowane haɗi a guntun irin takardar, ka jira ya bushe, ka fita da shi tsakar gida ka gwada da mai ran. Launi yakan yi haske in ya bushe.

Sinawa na da wata magana, alif sau uku, rini sau tara. Ba ƙidaya ake nufi ba. Bayan 'yan hawa na launi akan shafa ruwan gam da alif domin ya ɗaure abin da ke ƙasa, kada hawa na gaba ya tayar da shi. Za ka iya haɗawa da jelatin na masu kek: wajen kashi 7 na jelatin, 3 na alif, kowanne a narka shi daban a ruwan ɗumi, a haɗa, a tsinka sosai. Shafa ɗaya, da sauƙin hannu. In ya bushe yana ƙyalli, ya yi kauri, kuma alif in ya yi yawa yana sa takarda ta yi gautsi da daɗewa. Masu aiki a siliki suna da wata dabara kuma, su shafa fari ko launin dutse ta bayan ƙyallen, ya haska ta gaba ba tare da ya rufe layi ba.

Mataki na 7: Zaren gashi da ido

Koma kan siririn buroshi. Da launin da ya ɗan fi na wurin duhu, ja ƙananan layuka siraran gaske a kai, wuya, ƙirji da ciki, dukansu suna tasowa daga wajen baki suna gangarawa wutsiya, suna buɗewa a inda jiki ya yi faɗi. Kada su gicciye juna. A wurare masu duhu ƙara kaɗan da fari. Aiki ne mai cin lokaci, kuma shi ke sa mai kallo ya ji kamar ya shafa. Ɗige-ɗigen wuya kuma kada ka yayyafa su yadda ka ga dama. Kowanne a jikin gashinsa yake, saboda haka jeri suke bi. Sannan ka sake bin layukan baki, farce da manyan gashi da suka dushe.

Ido ne ƙarshe. An ce Huizong da ɗanyen ƙaron fenti baƙi mai sheƙi yake ɗiga idon tsuntsayensa, har ya ɗan taso sama da silikin. Kai sa launin ƙwayar, ka jira, ka ɗiga baƙar tawada mafi kauri, ka bar ɗan mitsitsin fari a sama yadda Turawa ke yi. Yi gwaji goma a wata takarda kafin ka yi na gaske.

Mataki na 8: Reshe, fili da shaida

A al'adar Sinawa tsuntsu da tsiro ma'ana ke haɗa su: agwagwar mandarin biyu da furen bado fatan zaman aure ne, dogon tsuntsu ɗan uwan gauraka a gindin itacen da ba ya kaɗe ganye fatan tsawon rai ne. Masanin halittu kuwa tambayarsa ita ce, a kan wannan itacen ake ganinsa? Ɗora kurciyarka a inda ka gan ta, reshen darbejiya ko magarya, ko ƙasa da 'yan ƙwayoyin gero. Karyo reshen ka ajiye a gabanka ka ƙirga ganyensa. Ya shigo daga gefen takarda, guntu kawai, yatsu su kama shi da gaske. Ka bar fili fari mai yawa, musamman ta inda take kallo, kada ka cike shi da gajimare ko ciyawa.

A ƙasan takarda, da fensir ko siririyar tawada, ƙara abin da Reeves zai nema: kai shi kaɗai daga gefe, ƙafa ɗaya da ɓawon jikinta, gashi guda na wutsiya in ka tsinci wanda ya faɗi. Ja ɗan layi na santimita 5 ka rubuta tsawonsa, domin ko an rage hoton a waya a san girmanta. Rubuta rana, gari, sunan da mutanen wurin ke kiranta, sunanta na kimiyya, Spilopelia senegalensis, da abin da ka gan ta tana ci. Ka sa sunanka.

Mataki na 9: Gwaji da ajiya

A Makau, wani ɗan kasuwa Bature, Thomas Beale, yana da katafaren kejin tsuntsaye, ciki har da tsuntsun nan na Niyu Gini da aka ce ba shi da ƙafa, da ransa da ƙafafunsa. George Bennett, likita masanin halittu da ya ziyarci gidan, ya rubuta a 1834 cewa wani Basine ya zana tsuntsun daidai girmansa, aka kai masa zanen, sai ya matso yana kuka irin na gaisuwa, ya ɗauka ɗan uwansa ne. Naka gwajin ya fi sauƙi. Rufe rubutun, ka nuna wa manomi, maharbi ko yaro mai kiwon tattabaru, ka tambaye shi wace ce wannan, kuma me take shirin yi. In ya ce kurciya ce amma bai san wace iri ba, koma ga wuya da fiffike. In ya gane ta amma ya ce kamar matacciya, matsalar tana daftari, a karkatar jiki da zaman ƙafa, kuma launi ba zai gyara ta ba. Sabon daftari za ka yi.

In takarda ta kumbura, ɗan shafa danshi ta bayanta, ka sa ta tsakanin fararen takardu biyu, ka danne da littattafai ta kwana biyu. Ajiye ta a kwance cikin kwali, nesa da rana da danshin damina da gara. Launukan tsiro su ne ke fara kodewa a haske. Tsuntsu na biyu ya zama hankaka, domin koyon fitar da gashi a cikin baƙi. Na uku belbela, wadda sai ka fara rina takardar da ruwan shayi mai sauƙi, ta bushe sarai, kafin farinta ya fito.